Faifan Kulocin da Suruki Ya Ba Mu Kyauta

Kuloci ya saki a hawan wani rafi tsakanin Zandam da Sara, motar ta komo da baya, ta kife ta ɓangarena. Malam Shehu, manomin riɗi da ke zaune a kan lodi, ya mutu nan take. Ni kuma aka yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Abin da ya faru ke nan. Duk sauran abin da kuka ji a gidan baffanku Mamuda ƙari ne, kuma saboda ƙarin nan na sa yayarku ta zauna tana rubuta abin da nake faɗa, tun da ni ban yi makaranta ba. Kun san ba na son yawan magana. Sau ɗaya zan faɗa.

Motar tamu ce mu biyu, ni da Yaya Mamuda. Bayan rasuwar mahaifinmu muka sayar da gonarsa ta Kiyako, muka sayi tsohuwar a-kori-kura mai giyar taimako, irin wadda ke jan ƙafafu huɗu in hanya ta ɓaci. Yaya yana da rumfar hatsi a Birnin Kudu, ni kuma tuƙi na iya, shi na tashi ina yi. Mota ta mu biyu, amma magana tasa ce shi kaɗai, don shi ne babba, kuma Inna tana raye. Aikina shiga ƙauyukan Gwaram inda kwalta ba ta kai ba, in kwaso buhunan manoma in kai kasuwar Sara, wani lokacin in wuce da su Birnin Kudu. Hanyoyin nan ku ba ku san su ba. Da rani yashi ne mai haɗiye taya. Da damina taɓo ne da rafuka, ka gangara cikin ruwa da lodi, ka fito ka fuskanci hawa kamar bango. A irin wannan hanya injin ba ya shan wahalar da kuloci ke sha. Shi ke tsakanin ƙarfin injin da nauyin kaya. In ya riƙe, ka wuce. In ya saki, sai abin da Allah ya yi.

Ƙarshen daminar shekarar nan na ji kulocin ya fara gajiya. In na taka totur a hawa sai injin ya yi ta kuka, mota kuwa tana rarrafe. Na kai ta garejin Tanko, bakaniken da ke mana aiki tun da muka saye ta. Ya sauke giya, muka ga fatar faifan ta cinye har ƙusoshin da ke riƙe ta sun fito. Na ce wa Yaya abu uku za a canja tare, faifai da murfin da ke matse shi da boris ɗin da ke tura murfin, don in ka sa sabon faifai a tsohon murfi, tsohon ne zai cinye sabon. Na ce kuma beljiyam nake so, wato na hannu da aka ciro daga motar waje, in je Kano da ƙafata in zaɓa da idona. Wanda ya zo da mota tun daga masana'anta, ko ya ɗan yi aiki, na fi yarda da shi a kan mai ƙyalli a kwali da ban san uwarsa ba ban san ubansa ba.

"Kai dai komai sai ka tsawwala," in ji Yaya. "Kuloci ne fa, ba zaɓen mata ba."

"Mata in ta ƙi ka, gidansu za ta tafi," na ce. "Wannan in ya ƙi ka, a rafi zai ajiye ka."

Ya yi dariya, ya ce in bari a gama suna. Matarsa ta haihu a makon, gida ya cika da baƙi. Cikinsu har da mahaifinta, Alhaji Ɗanliti, mai sayar da kayan gyaran mota a Kano. A zaure ana cin abinci ya tambayi ina mota, Yaya ya ce tana gareji, kuloci ne. Alhaji ya ajiye cokali ya ce ai wannan abin kunya ne, yana da shago cike da kaya a ce motar gidan 'yarsa tana zaune saboda faifai. Ya ce kada wanda ya je ko'ina, zai aiko. Yaya ya sunkuyar da kai yana godiya, jama'a suna sa albarka. Ni na ci gaba da cin abincina. Ƙanin suruki ba ya buɗe baki a wurin nan.

Bayan 'yan kwanaki direban Kano ya kawo kwali. Muka tafi gareji mu uku muka tsaya, ni da Yaya da Tanko. Na buɗe. Faifai ne kaɗai, ba murfi, ba boris. Baƙin fenti yana ta ƙyalli. Na ɗaga shi kusa da kunne na girgiza, sai na ji sifirin ɗin tsakiya suna kacau-kacau kamar tsabar ƙarfe a gwangwani. Sabon faifai ba ya magana in ka girgiza shi. Na kankare fentin da farce, tsatsa ta leƙo. Na duba ƙusoshin fatar, wani ya nutse, wani ya karkace, aikin guduma ne da hannu. Na zura shi a sandar giya, yana wasa, haƙoran tsakiya sun cinye. Tsohon faifai ne da ya gama rayuwarsa a wata mota, aka liƙa masa sabuwar fata, aka shafe da fenti, aka sa a kwali.

"Yaya, wannan gawa ce aka yi wa kwalliya," na ce.

Ya dubi hagu ya dubi dama ko wani ya ji.

"Ka iya bakinka. Kyautar Alhaji ce. Wa ya taɓa kankare kyauta da farce?"

"Kyauta ba ta hawa rafi. Tambayi Tanko."

Tanko ya karɓi faifan. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce:

"To, ba laifi."

Ku riƙe kalmar nan. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da take nufi. In ka tambayi mutum jikin mara lafiya ya ce ba laifi, ka san da saura. In ka tambayi manomi damina ya ce ba laifi, ka san rumbu bai cika ba. Bakanike in kaya ya yi masa, cewa yake "wannan ƙarfe ne," ya buga shi a ƙasa don ka ji sauti. Tanko ya san ma'anar abin da ya faɗa, ni na sani, Yaya ma ya sani, don ba daga sama ya faɗo ba. Amma ya ɗauki kalmar a fatarta ya sa a aljihu.

"Ka ji ko? Mai sana'a ya ce ba laifi. A ɗaura."

Na ce ba zan tuƙa ba. Na ce a ajiye kyautar a gida, a yi wa Alhaji godiya, in je in sayo wani a ɓoye, wa zai leƙa cikin giya ya gani? Yaya ya ce Kano ƙarama ce ga masu sana'a ɗaya, duk shagon da na shiga labari zai kai wa Alhaji kafin in hau mota. Da yamma aka kai ƙarata wurin Inna. Tana zaune a tabarma tana tsintar wake. Ba ta ɗago kai ba.

"Sabitu, so kake ka kashe wa yayanka aure a kan ƙarfe?"

"Inna, ƙarfen ne zai kashe mutum."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Mutum ya yi muku alheri, ku mai da masa kamar ya ba ku guba? Yarinyar nan jego take yi a ɗakina. Da wane ido zan dube ta? Ka je ka yi abin da yayanka ya ce, albarkata na tare da kai."

Ku gaya mini wanda zai tsallake wannan. Uwa ta ce je, ta haɗa da albarka. Aka ɗaura.

Tun fitar farko motar take karkarwa in na saki kuloci, kamar mai zazzaɓi. Na gaya wa Yaya, ya ce sabo ne, bai zauna ba. Na sake gaya masa, ya ce a bari kaka ta wuce, yanzu lokacin riɗi ne, mota ba ta kwana a gareji. Na rage lodi, ya ce ina yi masa asara. Na lallaɓa ta kamar ƙwai. Ban taɓa barin ƙafata a kan kuloci ina tafiya ba, wanda ya koya mini tuƙi da sanda yake bugun gwiwar duk wanda ya yi haka. In zan shiga wuri mai wuya, tun daga nesa nake sa giyar taimako, in sa lamba ɗaya, in ɗauke ƙafa gaba ɗaya in bar mota ta yi aikinta.

Haka na yi ranar. Da hantsi ne, rana tas, ranar kasuwar Sara. Na ɗauko riɗin Malam Shehu daga Zandam. Na ce ya shigo gaba, ya ce a'a, a kan buhunansa zai zauna, shekara guda yana jiransu. Dattijo ne mai barkwanci, kullum yana ce mini direban aljanu, don ina bin inda babur ma ke tsoro. Muka gangara rafin, ruwa ya kai rabin taya. Muka fito muka kama hawa. Mun kusa kaiwa sama na ji ƙara ƙarƙashin ƙafata, kamar an fasa faranti. Injin ya yi ihu, mota ta tsaya cak, sannan ta fara komawa. Na taka burki, burki ya jiƙe da ruwan rafi, bai kama ba. Na ja na hannu, lodi ya fi ƙarfinsa. Na yi wa Malam Shehu ihu na ce ya dira. Tayar baya ta zame daga gefen hanya, sama ta koma ƙasa. Abin da na sani ke nan sai asibiti.

Ban yi fushi da ƙafar ba. Wanda ya ba ni ita shi ya karɓa. Fushina ya fara ne ranar da uwarku Ladidi ta zo da kunu, ta zauna a gefen gado ta ƙi duba na. Na ce mene ne, ta ce babu. Na ce ta faɗa ko ta tashi.

"Malam, cewa ake kai ka ƙona kulocin. Wai ka saba ɗora ƙafa a kai, wai ka cika lodi, wai an yi ta yi maka faɗa ba ka ji."

"Wa ya ce?"

"Yaya. A wurin ta'aziyya a Zandam, a gaban 'ya'yan mamacin. Ya ce su yi haƙuri, ƙaninsa ne mai ganganci, amma ga shi Allah ya nuna masa iyakarsa."

Ina kwance, ƙafa ɗaya an binne ta kafin ni, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya yana can yana ɗora mini gawa. Ba don ya tsane ni ba. Da tsana ce da ta fi mini sauƙi. Don dai kada sunan Alhaji ya fito ne. Dole a sami inda za a ajiye laifin, aka duba aka ga ni ne a kwance, ba na iya tashi.

Da na fara dogara sanda, ban fara zuwa gida ba, gareji na sa mai babur ya kai ni. An janyo motar tana nan a gefe, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Tanko ya hango ni ya shige bayan wata tifa. Na ce ya fito ya sauke mini giya. Ya ce sai da izinin Yaya. Na ce rabin motar nan gonar ubana ce, ya sauke rabina. Na zauna a kan taya har ya gama. Ya fito da faifan a tafin hannu biyu, don ba ya ɗaukuwa da ɗaya. Fatar ta rabu da ƙarfen gaba ɗaya, ƙusoshin sun guntule, sifirin guda ya fice. Na shinshina. Kulocin da direba ya ƙona yana wari kamar an babbake gashi, fatar ta yi baƙi ta yi santsi, ƙarfen murfin ya yi shuɗi-shuɗi don zafi. Wannan ba wari, ba shuɗi. Fatar sabuwa fil, ko cinyewa ba ta fara ba. Tsinkewa ta yi.

"Tanko, wannan ƙuna ce?"

"Ba ƙuna ba ce."

"Ka san haka zai faru?"

"Ni me zan ce, Sabitu? Yayanka na tsaye, kayan surukinsa ne. Ai na ce ba laifi. Na ɗauka kun gane."

"Mun gane," na ce. "Malam Shehu ne bai gane ba, ba ya wurin."

Na ƙulle tarkacen a buhu na tafi gida. Na zazzage su a tabarmar Inna, na ce a kira Yaya. Ya shigo ya gani, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce ba na neman ya biya ni ƙafa, ba na neman ya je Kano ya yi faɗa da kowa. Ko Alhaji ya san abin da ke cikin kwalin ko yaransa ne suka cuce shi, wannan tsakaninsa da Allah. Abu ɗaya nake so. Ya koma Zandam, inda ya faɗi maganar, ya ce ba haka ba ne.

"In na ce ba kai ba ne, za su ce to wane ne. Me zan ce musu?"

"Gaskiya."

"In ce uban matata ya aiko mana da ajali a kwali? Kai ba ka da hankali ne? Magana ta riga ta mutu, mutanen nan sun haƙura. Ƙaddara ce."

"In ƙaddara ce, me ya sa ka sa mata sunana?"

Inna ce ta amsa, tana kuka.

"Ka rufa wa ɗan'uwanka asiri, Sabitu. Kai abin da zai same ka ya riga ya same ka. Shi gidansa a tsaye yake, kada ka rushe masa."

Wannan maganar ta fi wuƙar likita zafi. Wato tun da na riga na karye, a ƙara mini kaya, ba zan ji ba. Na tattara ƙarafana na mai da buhu. Na ce Inna, ranar da kika ce in je, na je. Yau ki yafe mini, ba zan zauna ba.

Na tafi Zandam a bayan babur, sanda a cinya, buhu a hannu, kututturen ƙafa yana zuba ruwa don bai gama warkewa ba. Babban ɗan Malam Shehu ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka taru. Ban gama gaisuwa ba ya tare ni.

"Malam Sabitu, da ba ka wahalar da kanka ba. Wallahi mun yafe maka tun ranar."

"Ban zo neman yafiya ba. Ku riƙe abinku, ku ba wanda ya yi."

Na zazzage buhun. Na nuna musu ƙusoshin, na nuna fatar, na miƙa wa wani mai injin niƙa da ke wurin ya shinshina, ya ce shi dai bai ji ƙauri ba. Na faɗi yadda faifan ya zo, da wanda ya aiko, da wanda ya ce a ɗaura, da abin da na ce. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ɗan mamacin ya daɗe yana kallon ƙarfen. Sannan ya ce babansu kullum yana cewa in ba motata ba, gara riɗinsa ya kwana a gona. Ya ce da aka zo da waccan maganar zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma babba ne ya faɗa. Ya sa aka kawo mini fura. Ba su kai ƙarar kowa ba, ba irin mutanen ba ne. Amma ranar kasuwa ta zagayo, kuma abin da aka faɗa a Zandam ba ya kwana bai isa Sara ba, na Sara kuma direbobi ne ke kai shi Kano.

Alhaji ya aiko aka ɗauke 'yarsa da jaririn. Sai da manya suka yi ta zarya kafin ta dawo, kuma har ya mutu bai sake taka Birnin Kudu ba. Yaya ya sa aka ja katanga a tsakar gidan ubanmu, ƙofarmu ta koma ta bayan gida, wajen kwata. Ya sayar da motar ga masu gwangwan ba tare da ya tambaye ni ba. A masallacin unguwa in na shiga sahu sai na ji wurin ya yi faɗi. Wanda aka ce ya kashe mutum da ganganci an yi ta zuwa duba shi da lemo. Wanda ya tona asirin yayansa, ba mai amsa masa sallama da baki cike. Uwarku ta daure har ta gaji, ranar nan ta ce mu tafi garinsu. Muka kwashe ku muka koma Gwaram, kuna ƙanana. Inna ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi ƙarya ba. Daddawa dai take aiko mini da ita duk wata, ba saƙo, har ta rasu. A wurin jana'izarta ni da Yaya muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, muka watse ba wanda ya dubi wani.

Kai Nura, tun da ka nace tuƙi za ka yi, ji nan. Duk abin da za a ɗaura a motar da kai za ka zauna a cikinta, ka riƙe shi da hannunka tukuna. Ka girgiza, ka kankare, ka gwada a sandar giya, ko wa ya kawo, ko da rawani ya zo. In kuloci ne, ka canja ukun tare, faifai da murfi da boris. Ka sayi wanda aka yi don nauyin motarka, ba na ƙaramar mota da ya yi kama da shi ba. In bakanike ya yi maka magana mai harshe biyu, ka ja shi gefe inda ba kowa, ka ce zai sa ɗansa a motar ko ba zai sa ba. In ya yi shiru, ka ɗauki makullinka.

Yanzu kun girma, kuna zuwa Birnin Kudu biki da suna, 'ya'yan baffanku suna gaya muku ubanku ne ya kashe mutum, ya kashe mota, ya yanke zumunci. Ban hana ku zuwa ba. Ku je, ku durƙusa ku gaishe shi, yayan ubanku ne, ya tsufa. Amma kada ɗayanku ya sake ba shi haƙuri a madadina, kamar yadda na ji an yi da sallar bara. Ban aike ku ba. In ya ce ƙafata ce ta ƙona kuloci, ku ce ya zo ya faɗa a gabana.

Ba wuyar samu gare ni ba. Ina Gwaram, bakin tasha, ƙarƙashin rumfar kwano, ina sayar da baƙin mai da igiyar ɗaure kaya. Daga safe har la'asar ina nan a kan benci. Ba inda nake zuwa.